Insitola ɗaya ta Windows da Mac da Linux, mai yarjejeniya da neman siriyal, ta ina zan fara?

Ɗan_Tudunwada ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana ku zo ku fitar da ni, kaina ya kulle. Na rubuta wata 'yar manhaja da yaren Python da PyQt5 (kayan zana fuskar manhaja), ta haɗa sakamakon jarabawa ce ta makarantu, malami ya zuba maki ita ta fitar da jimla da matsayin kowane yaro a aji sannan ta buga katin sakamako. Na haɗe ta da PyInstaller, wanda yake ƙulle kod ɗin Python ya zama manhajar da ake dannawa ta tashi, in makaranta ta biya sai in je da filash in juye musu foldar in fito musu da alamarta a fuskar kwamfuta, shikenan. Makarantu shida suka biya ni zuwa yanzu, alhamdulillah.

Toh satin da ya wuce na raka yayata wata makaranta karɓar sakamakon ɗanta, makarantar da ban taɓa sayar wa komai ba, ana miƙo mata katin wallahi sai na ga aikina ne, layi da layi, har kuskuren da na yi a jikin teburin halayya yana nan. Sunan makarantarsu kawai suka shiga saiti suka canza. Ashe wani malamin lissafi ne da yake koyarwa a wuri biyu ya kwashe foldar gaba ɗaya a filash ɗinsa. Ban ce komai ba a wurin saboda kunyar yaya amma ranar ban yi barcin kirki ba.

Yanzu abin da nake so shi ne insitola, wato manhajar girkawa, ta gaske irin ta manyan kamfanoni, ta fito da shafin yarjejeniya sai mutum ya danna ya amince, sannan ta tambayi siriyal, wato lambar lasisi, in ba daidai ba ta tsaya nan. Na gwada Inno Setup, wani kayan haɗa insitola, na sa LicenseFile, na kunna UserInfoPage, na rubuta CheckSerial a sashen Code, kuma ya yi aiki tsaf. Matsalar ita ce na Windows ne kawai, ga shi wani mai makaranta MacBook yake riƙewa yana so a sa masa, akwai kuma wata cibiyar koyon kwamfuta da duk injinansu Linux Mint ne. Akwai abin da zan haɗa fayil ɗaya ya yi aiki a duka ukun? Ku sani yawancin makarantun nan babu intanet a ofishinsu, sai dai hedimasta ya kunna hotsifot na wayarsa in ya ga dama.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya mayar da alheri, duk wanda ya taɓa sayar da manhaja a ƙasar nan ya ɗanɗani wannan.

Bari in fara da mai sauƙin. Fayil ɗaya da za a danna ya tashi a duka ukun ka cire shi a ranka. Kowane tsari da irin ginin da yake ganewa, na Windows ana ce masa PE, na Mac Mach-O, na Linux ELF, ba sa jin yaren juna. In ka ga InstallBuilder ko install4j suna tallar suna yi wa kowane tsari, abin da suke nufi aiki ɗaya za ka tsara su fitar maka da fayil daban daban, kuma na kuɗi ne, kuɗin ma da dala. IzPack ne ya fi kusa da abin da kake so don shi fayil ɗin jar na Java yake fitarwa, amma sai an riga an sa Java a kwamfutar, ka ga ka ƙara wa hedimasta wani aikin kenan. Tunda da Qt kake aiki akwai Qt Installer Framework, kyauta ne, ana sa yarjejeniyar a cikin package.xml, shi ma dai uku za ka fitar. Sannan ko ba insitola, PyInstaller ɗin kansa ba ya gina na Mac daga kan Windows, na kowane tsari sai a kan tsarin.

Amma ni ba nan na ga matsalarka ba. Koma ka karanta labarin da ka ba mu da kanka. Malamin nan insitola ya sata? Foldar da aka riga aka girka ya kwafa. Ko da ka sa siriyal mai harafi ɗari a Inno Setup, ranar da aka gama girkawa fayilolin suna zaune a Program Files ba mai gadinsu, ya zo da filash ɗinsa ya kwashe kamar jiya. Ɓarawo ta taga ya shigo kai kuma kana ta ƙara wa ƙofa kwaɗo. Kai ko ba a girka ba ma, akwai innoextract da innounp da suke zazzage kayan cikin insitolar Inno ba tare da sun bi ta kan CheckSerial ɗinka ba, ta NSIS kuwa, wani kayan haɗa insitolar, 7-Zip ma yana buɗe ta. Binciken lasisi a cikin manhajar zai zauna, duk lokacin da aka kunna ta ta duba. In ka yi haka sau ɗaya za ka rubuta shi da Python ya yi maka aiki a duka ukun, ita kuma insitola ta koma aikinta na juye fayil da fito da alama, sai ka ga ciwon kan ya ragu da fiye da rabi.

sk_kodin ya rubuta:

oga duk wannan dogon turanci ne, kawai ka bude yar saba ko ka yi amfani da Firebase, sabar Google ta intanet, duk siriyal din da aka sa ta tambayi saba ko an taba amfani dashi, in an taba ta ki budewa. ni haka nayi wa tawa ta masu shagon magani kuma lafiya lau. yanzu waye bashi da data ko ta dari biyu ce

Maman_Ilham ta rubuta:

Malam sk, ai ya faɗa babu intanet a ofisoshin. Kuma ba maganar kuɗin data ba ce kaɗai, ka yi tunanin daren da za a raba sakamako gobe, an tayar da janareta, malamai biyar sun zagaye kwamfuta ɗaya, sai manhaja ta ce ba ta samu saba ba. Wa za a kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare? In ma za a yi ta intanet a yi ta sau ɗaya ranar rajista, kar ta zama kullum.

Ɗan Tudunwada, ni ga yadda na yi wa tawa ta lissafin kuɗin makaranta, ba ta taɓa neman netwok. Kuskuren da yawancinmu muke yi da farko shi ne mu ƙirƙiri wani lissafi, misali a tara lambobin a raba da bakwai in ya ba da kaza to siriyal daidai ne. Wannan lissafin yana cikin manhajar da ka ba mutane, duk wanda ya tono shi zai iya buga siriyal dubu da kansa, kuma Python tono shi ba wuya, akwai kayan da suke warware abin da PyInstaller ya ƙulle su dawo da kod ɗin kusan yadda ka rubuta. Maganin shi ne sa hannu na mabuɗi biyu. Ka yi amfani da Ed25519, yana cikin PyNaCl yana kuma cikin cryptography, duka kayan Python ne. Mabuɗin sirri yana wurinka kai kaɗai, da shi kake sa hannu a kan lasisi. Ɗayan, na fili, shi kake sawa cikin manhajar, bayit 32 ne kacal, aikinsa kawai ya tabbatar hannunka ne, ba ya iya ƙirƙirar sabon lasisi ko da duk duniya ta gan shi.

Sai dai ka manta da siriyal irin na harafi 25 da ake bugawa da hannu. Sa hannun Ed25519 bayit 64 ne, in ka mayar da shi base32, wato rubuta shi da haruffa da lambobi, harafi 103 zai ba ka, ba sakatariyar da za ta buga wannan ba ta tsine maka ba. Ɗan ƙaramin fayil nake yi, a ciki akwai sunan makaranta da garinsu da lambar lasisi da sa hannun, in tura ta WhatsApp su saukar a waya su juye ta kebul, manhajar tana da maɓalli na ɗauko lasisi. In dole sai an buga wani abu da hannu, kamar lambar da za su karanto maka ta waya, yi amfani da base32 na Crockford, ya cire I da L da O da U, don ba a rasa mai rikita sifili da O.

Yanzu ga inda daɗin yake, kuma shi ya dace da taka. Cire wurin canza sunan makaranta daga saiti gaba ɗaya. Sunan da za a buga a saman kowane kati daga cikin lasisin zai fito. Malamin lissafinka ya kwashi folda da lasisin duka ya kai ɗaya makarantar, za ta buɗe masa lafiya, amma duk katin da ya buga da sunan makarantar farko zai fito, in ya taɓa harafi ɗaya a fayil ɗin sa hannun ya lalace. Wane mai makaranta ne zai miƙa wa iyaye kati da sunan makarantar maƙwabcinsa? Ni tunda na yi haka da rasit ban ƙara jin an kwafa ba, ko an kwafa ma ba ta yi musu rana ba.

Za ka ji ana cewa ka ɗaure lasisi da jikin kwamfuta, a Windows akwai MachineGuid a cikin rajistiri, a Linux akwai /etc/machine-id, a Mac akwai IOPlatformUUID. Yana yiwuwa, na gwada, na sha wuya. Kwamfuta ta ɗan yi nauyi a kai wa mai gyara ya yi mata fomat, MachineGuid ya canza, a kira ka ana faɗa ka cuce su. Haka ma lasisi mai ƙarewa duk shekara, yawancin kwamfutocin nan na hannu ne batirin agogonsu ya mutu, ana ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya, manhaja ta rikice ta ce lasisi bai fara aiki ba. In za ka sa wa'adi, ka riƙa ajiye kwanan wata mafi girma da ta taɓa gani, kuma in wa'adin ya cika kar ka kulle musu bayanan yaransu, bar su su duba tsofaffi, sabon zango ne kawai ba za su buɗe ba.

Wanda ya ƙware zai iya shiga kod ɗin ya cire layin binciken gaba ɗaya, wannan ba makawa. Nuitka yana ɗan ƙara wahalar don yana mayar da Python zuwa C kafin ya gina. Amma ai ba da irin waɗannan kake faɗa ba, da mai filash kake.

Ɗan_Tudunwada ya rubuta:

Kai jama'a Allah Ya saka da alheri. Yaya Injiniya wallahi da na karanta maganar taga sai da na yi dariya ni kaɗai, kwana huɗu na ɓata a kan CheckSerial. Anti Maman Ilham wannan dabarar ta suna ta shige ni, yau zan fara. Saura yarjejeniyar, a Inno na gane, a Mac da Linux fa ya ake nuna ta? Sannan da na gwada insitolar a kwamfutar abokina wani shuɗin allo ya fito wai Windows ta kare kwamfutarsa, sai da muka danna ƙarin bayani muka ce ta ci gaba. In mai makaranta ya ga wannan ai cewa zai yi bairos na kawo masa.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

SmartScreen kenan, yana yi wa duk fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet wanda ba a sa wa hannu ba ko bai yi suna ba. Maganinsa satifiket na sa hannun kod, ana sabunta shi da kuɗi, kuma tun Yunin 2023 ba sa ba ka mabuɗin a fayil kawai, sai a kan wata 'yar na'ura mai kama da filash ko a ma'ajiyarsu ta intanet. Ko ka saya ma ba lallai gargaɗin ya ɓace ranar farko ba. Da makarantu shida ni ba zan saya ba tukuna, tunda da ƙafarka kake zuwa girkawa. Abin da za ka yi kyauta shi ne ka guji onefile na PyInstaller mai fitar da fayil ɗaya ka tsaya a kan onedir mai fitar da folda, na farkon ne antibairos suka fi yi wa haushi saboda yana zazzage kansa a foldar wucin gadi duk kunnawa.

Mac ya fi tsauri. Sai ka shiga Apple Developer Program, dala 99 duk shekara, ka sa hannu da Developer ID sannan ka tura wa Apple su duba su buga hatiminsu, wannan ya zama dole tun sigar macOS Catalina a 2019, da notarytool ake yi yanzu. In ba haka ba Gatekeeper, mai gadin Mac, zai tare, kuma daga sigar Sequoia sun cire tsohuwar hanyar danna dama a buɗe, sai mutum ya shiga saitin tsaro ya ba da izini da kansa. Ka zauna ka yi lissafi, mutum ɗaya mai MacBook zai biya maka dala 99 duk shekara? In ba ka da Mac ɗin ginawa GitHub Actions suna ba da injinan Windows da Mac da Ubuntu, sai dai na Mac yana shan mintunan kyauta da sauri in ma'ajiyarka ta sirri ce, kuma gina abin da ba ka da inda za ka gwada shi kasada ce.

Yarjejeniya kuma, pkg na Mac yana nuna ta in ka sa ta a fayil ɗin distribution na productbuild. A Linux al'adar ba ta nan, deb, fayil ɗin girkawa na Ubuntu da Mint, ba ya son tambayoyi, ana iya yi da debconf kamar yadda ttf-mscorefonts-installer yake fito da shuɗin allon nan na yarjejeniyar Microsoft da mutane suke rasa yadda za su danna Ok sai da Tab, AppImage kuwa, fayil ɗaya da ake dannawa ya tashi a Linux, ba a ma girka shi balle ya tambaya. Don haka ita ma mayar da ita cikin manhajar, kunnawar farko ta fito, a amince, ka ajiye ranar da lambar sigar yarjejeniyar. Ka bar ta Inno ɗin ma ba laifi. Na Linux ka gina a kan tsohon Ubuntu, in ka gina a sabo zai je Mint ɗinsu ya yi kukan glibc, wato ya ce sigar wani ginshiƙin Linux ɗinsu ta tsufa.

Amma tsaya, na koma saƙonka na farko. PyQt5 ka ce? Ka sayi lasisin kasuwanci a wurin Riverbank, kamfanin da ya yi shi? In ba ka saya ba a ƙarƙashin lasisin GPL kake, ita kuwa GPL cewa ta yi duk wanda ka ba manhajar yana da haƙƙin karɓar kod ɗinta ya kuma raba wa wanda ya so. Wato kana shirin rubuta an hana kwafa a kan abin da sharaɗinsa ya halatta kwafa, malamin lissafin nan da zai samu lauya mai wayo sai ya ba ka mamaki. Koma PySide, makamancin PyQt, shi lasisinsa LGPL ne, ana sayar da rufaffiyar manhaja da shi in an kiyaye sharuɗansa, kuma canjin bai da yawa, pyqtSignal ya koma Signal da 'yan makamantansu. Ka lura dai PySide6 na Qt 6 ne, ba ya tashi a Windows 7, Python ma 3.8 ne na ƙarshe da yake yi a can, in kana da makarantu masu Windows 7 to PySide2 da 3.8 za ka riƙe.

Bamaradi ya rubuta:

Salamu alaikum, ina biye da ku daga Maraɗi. Ƙari kaɗan bisa yarjejeniyar, mu nan da Faransanci muke rubutawa mu ƙara ta Hausa, cikin Inno Setup sashen Languages kowane harshe kana iya ba shi LicenseFile nasa. In ka rubuta ta Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ ka adana ta UTF-8 mai BOM ko ka yi ta RTF, ni na farko da na yi duk haruffan suka koma wasu alamu kamar rubutun aljanu, har wani darakta ya tambaye ni ko Sinanci ne. Kuma ka taƙaita ta, shafi guda ya isa, makaranta guda lasisi guda, bayanan yara nasu ne, in sun yi fomat ba su ajiye kwafi ba ba ruwanka. Wannan ta ƙarshen ka rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Ɗan_Tudunwada ya rubuta:

Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Maganar GPL ta tayar min da hankali fiye da satar ma, na koma PySide2 tunda biyu cikin makarantuna Windows 7 ne, yini ɗaya da rabi ya ɗauke ni, inda na fi shan wuya loda fayilolin ui ne. Lasisin Ed25519 yana aiki, na gwada canza harafi ɗaya a sunan makaranta da Notepad ta ƙi karɓa, na ji daɗi kamar an min albishir.

Na yi taurin kai na gwada MachineGuid duk da gargaɗin Anti, sai na tarar kwamfutoci uku a makaranta ɗaya duk lambarsu iri ɗaya ce sak, ashe mai gyaransu Windows ɗaya ya kwafa ya juye wa dukansu. Na cire shi. AppImage ya tashi a Mint ɗin cibiyar. Mai MacBook na faɗa masa gaskiyar kuɗin, ya ce a sa a kwamfutar sakatare kawai, dama don ya riƙa leƙawa daga gida ne.

Tambaya ta ƙarshe dan Allah, mabuɗin sirrin nan yanzu yana kan laftof ɗina ne kawai, ita kuma ta fara kashe kanta in ta yi zafi. Ina ya kamata in ajiye shi?

Maman_Ilham ta rubuta:

Tun yau ka fitar da kwafi, kar ka kwana. In ya ɓata ba za ka ƙara iya yi wa kowa lasisi ba sai ka canza na filin ka bi makarantu ɗaya bayan ɗaya kana sake girkawa. Kulle shi da kalmar sirri mai tsawo, KeePassXC, manhajar adana kalmomin sirri, ya isa, kwafi ɗaya a filash da ba ka yawo da shi, ni har bugawa na yi a takarda na sa cikin fayil ɗin takardun makarantata tunda gajere ne. Kar ka kuskura ya shiga GitHub tare da kod, duba gitignore ɗinka, jerin fayilolin da ba a turawa can, yanzu. Kuma ba filash ɗin da kake kaiwa makarantu ba dan Allah, ka san halin malamin lissafi.